Alamar Shafi: Yadda Mai Bincike Ke Adana Abin da Ya Gano a Intanet

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri kan raba dare yana bincike a intanet, har ya wayi gari da shafuka talatin ko arba'in jere a saman burauzarsa, kowanne da niyyar zai koma masa. Ana cikin haka sai kwamfuta ta yi nauyi, ko a ɗauke wuta batir ya mutu. Wani lokaci burauzar kan maido da shafukan, wani lokaci kuwa wahalar mako guda ta bi ruwa.

Dalilin nauyin shi ne, kowane shafi da ke buɗe yana cin rabonsa daga ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ke shafewa da zarar wuta ta yanke. Maganin wannan matsala shi ne alamar shafi, wato kwatankwacin tsinken da mai karatu kan saka a littafi don ya gane inda ya tsaya.

Dabarar ta daɗe. Burauzar Mosaic, wadda aka fitar a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1993, tana da jerin adireshin da mai amfani da ita ya zaɓa. Netscape ta biyo baya a 1994, sannan Internet Explorer a 1995, kowacce da nata jerin. Daga bisani ne buɗe shafuka da yawa a taga ɗaya ya yaɗu, musamman bayan fitowar Firefox a 2004.

A Chrome da Firefox na Windows, danna Ctrl da D tare yana adana shafin da ake dubawa. Idan aka haɗa Ctrl da Shift da D, duk shafukan da ke buɗe za su shiga folda guda, sai a rufe su hankali kwance. Amma ajiya ba tsari, ɓata ce. Mai bincike kan ware folda ga kowane babi na aikinsa, ya sauya dogon take da gajeren suna mai ma'ana, ya riƙa share abin da ya gama da shi. Haka nan yana iya fitar da jerin baki ɗaya cikin fayil guda, ya ajiye kwafinsa a wata na'ura.

Sai dai akwai iyaka. Abin da alamar ke riƙewa shi ne adireshi da take kawai, ba abin da ke cikin shafin ba. Idan mai shafin ya cire shi, alamar za ta kai mutum ga kango. Wani nazari da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke nan a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Saboda haka, duk bayanin da kundi ya dogara a kansa, ya kamata a sauke kwafinsa, a kuma rubuta ranar da aka karanta shi. Wanda ya riga ya ɓace, ana iya nemansa a rumbun Internet Archive, wanda ke tara kwafin shafuka tun 1996.

Masu iya magana sun ce ajiya maganin wata rana. Ga ɗalibi, wannan rana ita ce ranar kare kundi, lokacin da malamai za su tambaye shi inda ya samo hujjarsa.