Narambaɗa na Isa: Ya mallaki waƙa, faifai ya kuɓuce masa

A 'yan shekarun nan da wuya a ambaci Isa ko Sabon Birni a labarai ba tare da an haɗa su da 'yan bindiga ba. Ƙauyuka sun watse, manoma na biyan haraji kafin su shiga gonakinsu, direbobi kuma sai sun yi tambaya kafin su kama hanyar Shinkafi. Sai dai wannan ƙasa ta bakin iyakar Gobir ita ce ta fitar da muryar da har yau ake jin ta a shagunan Kantin Kwari da motocin haya da wayoyin ma'aikata: muryar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa. Fiye da shekara 60 ke nan da rasuwarsa, ana ta cin moriyar waƙoƙinsa, amma ba a cika tambayar wane ne ke da su ba.

Domin a fahimci tambayar, yana da kyau a leƙa yadda sana'ar kiɗa ta kasu a wata ƙasa. A Ingila ana rarrabe ayyuka uku: mai kaɗa abin kiɗa, mai tsara waƙa, da furodusa, wato wanda ke kula da ɗaukar sauti a situdiyo har ya zama faifai. Jimmy Page, makaɗin jita da aka haifa a 1944, yana cikin waɗanda suka haɗa ukun a hannu guda. Ya fara ne da kiɗan haya, yana kaɗa wa mawaƙa daban-daban jita a situdiyoyin Landan, a biya shi ladansa ya tafi, sunansa ma ba ya fita a faifan. A can ya koyi inda ake ajiye makirufo, ya kuma ga inda kuɗin sana'ar ke taruwa. Da ya kafa ƙungiyar Led Zeppelin a 1968, bai jira wani kamfani ya biya kuɗin ɗaukar faifansu na farko ba. Sai da aikin ya kammala sannan aka kai wa kamfanin Atlantic na Amurka, aka yi ciniki da kaya a hannu. Shi ya zama furodusan fayafayan ƙungiyar, shi ne kuma ya koma ya sake tace sautinsu a 2014 da 2015, aka sake sayar da su.

Narambaɗa ya riƙe biyu daga cikin waɗannan ayyuka, riƙon da har yau ba a samu mai yawan ja da shi ba. Na ukun ne bai taɓa zuwa hannunsa ba.

An haife shi a Tubali a ƙarshen ƙarni na 19. A lokacin garin yana cikin ƙasar Isa. Da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996 sai ya faɗa ɓangaren Shinkafi, shi ya sa jihohin biyu kowace ke cewa nata ne. Sunan mahaifinsa Maidangwale. Masu nazarin tarihinsa sun ce ta wajen uwa ya samo kotso, laƙabin Narambaɗa kuma ya samo asali ne daga wata karya da ya taɓa kiwo mai suna Rambaɗa. Da kiɗan noma ya buɗe baki, yana zuga samari a wurin gayya. Wannan makaranta ce mai wuya, domin manomin da ya gaji ba ya sauraron baitin da ba shi da armashi. Daga nan ya hau zuwa ƙofofin masu gari da hakimai, har ya tsaya a fadar Isa.

Ita kanta fadar tana buƙatar bayani, saboda baƙo kan ruɗe idan ya ji Sarkin Gobir biyu a garuruwan da ke maƙwabtaka. Bayan Alkalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, sai gidan sarautar Gobir ya ja da baya zuwa arewa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe nasu ƙarƙashin Ɗanhalima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce ta Daular Usmaniyya, inda zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke tsaron iyaka, suna riƙe da sarautar Sarkin Gobir a matsayin shaidar nasara. Ke nan akwai Sarkin Gobir na gado a Sabon Birni, akwai na daula a Isa. Makaɗin da zai yi wa ɗayansu waƙa dole ya san wace zuriya zai ambata, wane yaƙi zai tuna, wane kuma zai haɗiye. Narambaɗa ya gina yabon Amadu Bawa a kan Shehu da Bello, a kan malanta da jarunta, amma da bakin mutanen yankin ya yi shi, Hausar yamma mai kauri wadda ɗan Kano kan tsaya ya nemi fassarar wasu kalmominta.

Kotso, abin kiɗansa, ganga ce mai siririn ƙugu, baki ɗaya kawai ake rufe mata da fata, a rataya a kafaɗa, a kaɗa da hannu, a riƙa matsa tsarkiya don sauya murya. Kiɗan sarauta ne. Da shi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi suna, yayin da Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo suka riƙe taushi. Wanda ya saba da ƙarar jita mai lantarki zai ga kotso ba shi da hayaniya, kuma da gangan ne. A kiɗan fada ganga ba ta gasa da magana, shimfiɗa take yi mata.

A nan ne gwanintar tsarawa ta fito. Waƙar fada ba aikin mutum ɗaya ba ce. Akwai jagora, akwai 'yan amshi waɗanda su ne kuma makaɗa, akwai sanƙira mai kirari da ƙarin bayani. Jagora kan kafa gindin waƙa, wanda za a riƙa komawa kansa, sannan ya riƙa jero ɗiya, kowane ɗa da saƙonsa. A wasu wuraren ya fara layi ya sake shi a tsakiya, yara su karɓa su ƙarasa. A wasu su raka shi har ƙarshe. A wasu su yi ƙari daga nasu bakin. Ba a iya wannan sai da bita mai tsawo, domin babu takarda, babu alƙalami, komai a ka yake zaune. Mutumin da ke yanke inda murya ɗaya za ta tsaya, inda muryoyi za su shigo tare, da inda kotso zai lafa don kalma ta fito, rabin aikin furodusa yake yi, illa dai situdiyonsa ƙofar fada ce, faifansa kuma ƙwaƙwalwar yaransa. (Abin sha'awa, manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suna kiran ƙananan saƙonnin da ake gina jigon waƙa da su “tubala”, sai ga shi gwanin ginin mutumin Tubali ne.)

Bakandamiya ita ce waƙar da ya ɗauka a matsayin uwar waƙoƙinsa, har kalmar ta zama ma'auni a bakin Hausawa: duk aikin da mawaƙi ko marubuci ya fi ƙwarewa a kai, a ce bakandamiyarsa ce. Abin da ya ɗaga ta sama bai tsaya ga yabon sarki ba. A cikinta makaɗin ya waiwayi sana'arsa da kansa, yana bayyana yadda ake saƙa magana, yana auna kansa da sauran makaɗa ba tare da kunya ba. Wannan ne ya sa malaman jami'a suka fi yawan komawa gare ta. Waƙar Dokin Iska Ɗanhilinge kuwa dokin sukuwa ya yi wa, sunan dokin ma yana nuni ga Filinge ta Jamhuriyar Nijar, da irin lafazin yamma mai mayar da “f” zuwa “h”. A nan ya nuna cewa idonsa na ganin gudu da ƙura da zumuɗin 'yan kallo kamar yadda yake ganin rawani. Ya yi wa hakimai da alƙalai na yankin Shinkafi da Ƙauran Namoda waƙoƙi, kuma zambonsa ga 'yan sarki masu jiran gado ya isa ya hana mutum barci. Ba duka ne ke da daɗin ji ga mai kunnen yau ba. Wasu zambon suna taɓa halittar mutum ko talaucinsa, abin da ba ya buƙatar a kare shi don kawai gwani ne ya faɗa.

Ta ina ya ci abinci? Ta hannun ubangida. Al'adar fada ita ce sarki ya ɗauki nauyin makaɗinsa: doki, riguna, damman hatsi, kuɗi a ranar salla ko naɗin sarauta. Shi kuma makaɗin ba ya kai waƙa wata fada sai da izini. A wannan tsari waƙa ba haja ba ce da ake sayarwa sau dubu. Ana biya ne a wurin da aka rera ta, ranar da aka rera ta, kuma mutum ɗaya ne babban mai saye. Tsari ne da ya yi aiki muddin murya ba ta iya tafiya sai da mai ita.

Na'urar ɗaukar sauti ce ta rushe wannan lissafi. Narambaɗa ya riski zamaninta a ƙarshen rayuwarsa, kafin ya rasu a farkon shekarun 1960, kusan daidai lokacin da aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962. Abin da aka samu aka ɗauka shi ne ya rage; abin da ba a ɗauka ba ya tafi tare da 'yan amshinsa. Daga rediyo waƙoƙin suka koma kaset, masu shagunan kaset suka yi ta kwafa, wani daga wani, kowane kwafi yana cin wani abu daga tsabtar sautin. Daga kaset suka hau faifan CD, suka shiga memori, yau suna YouTube da TikTok, inda mai shafin da ya ɗora su ne ke iya samun kuɗin talla. Shi ya sa sau da yawa ake jin shuu a bayan muryar, ko waƙa ta yanke ana tsakiyar ɗa, ko ma a liƙa mata hoton wani makaɗin daban.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta raba abu biyu da mutane kan haɗa. Akwai waƙar kanta, kalmomi da karinta, wadda kariyarta ke ci gaba har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Akwai kuma sautin da aka ɗauka, mai kariyar shekara 50. Idan aka bi wannan lissafi, wa'adin tsofaffin ɗaukar zai iya kasancewa ya cika, amma waƙoƙin Narambaɗa kansu suna ƙarƙashin kariya har zuwa farkon shekarun 2030, kuma haƙƙi ne da magada ke gada kamar gona. Saura 'yan shekaru ke nan. Ɗan kasuwar da ya sa baitinsa a tallar shinkafa, da ɗan siyasar da aka juya masa gindin waƙarsa a lokacin kamfe, da matashin da ya ɗora muryarsa a kan kiɗan fiyano, duk suna taɓa dukiyar da ke da masu ita, ko da ba wanda ya taɓa aiko musu da takarda.

Irin wannan rigima ba baƙuwa ba ce a inda Jimmy Page ya fito. Ƙungiyarsa ta ɗebi abubuwa da yawa daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, har mawaƙi Willie Dixon ya kai su kotu a 1985. An sasanta a wajen kotu, aka kuma sa sunansa cikin marubutan waƙar da ake taƙaddama a kanta. Abin da ya ba shi ƙafar tsayawa shi ne akwai rajista da faifai mai ɗauke da suna da shekara. Wannan ne babban giɓin da ke tattare da waƙar baka: kowa ya san ta Narambaɗa ce, amma “kowa ya sani” ba hujja ba ce mai nauyi a gaban alƙali.

Akwai kuma misali daga nan kusa. Wani makaɗin jita ɗan Ingila, Justin Adams, yana cikin waɗanda suka je Kidal a arewacin Mali suka ɗauki waƙoƙin ƙungiyar Buzaye ta Tinariwen a wani ƙaramin gidan rediyo, faifan ya fito a 2001. Kafin nan waƙoƙinsu a kaset suke yawo hannu da hannu a Sahara, kamar dai na makaɗanmu. A 2012 suka karɓi kyautar Grammy. Kiɗan bai sauya asali ba. Abin da ya ƙaru shi ne ɗauka mai tsabta, da suna a rubuce, da yarjejeniya.

Ta fuskar nazari, Narambaɗa bai yi maraici ba. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya wallafa littafi sukutum a kansa a 2009, Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kan waƙoƙinsa a 2019, ɗalibai kuma sun rubuta kundaye masu yawa. An rubuta matanin waƙoƙin, an feɗe salonsu. Aikin da ya yi saura na kunne ne da na'ura: a bi ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da akwatunan tsofaffin masu tara kaset, a nemo mafi tsabtar kwafin kowace waƙa, a mayar da shi na kwamfuta, a rubuta wanda aka yi wa ita da sunayen 'yan amshin da suka karɓa. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, ba ya jiran kasafin kuɗi.

Sashe mafi wuya shi ne na mutane. Dattawan da suka ga Narambaɗa da idonsu a ƙofar fadar Isa suna yara, yanzu sun haura shekara 70. Su ne za su iya cewa wane ne wancan da aka yi wa habaici, wace fadama ce aka ambata, me wata kalma ke nufi a bakin mutanen Bunsuru. Da yawa daga irin waɗannan dattawa rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu, wasu suna zaune a garin Isa da Sabon Birni da Sakkwato, wasu sun tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi.