Daga Saiwa da Sassaƙe Zuwa Ƙwayar Asibiti

Kaso mai tsoka na magungunan da likitoci ke rubuta wa marasa lafiya a yau daga tsirrai, da ƙasa, da ƙananan halittu aka fara samo su. Kwinin, wanda ya daɗe yana maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon bishiyar sinkona ta tsaunukan Kudancin Amurka wasu masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware shi a 1820. Asfirin ya samo tushe daga sinadarin da ke cikin ɓawon bishiyar wilo, kafin kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa shi a 1897. Metformin da miliyoyin masu ciwon suga ke sha kullum, danginsa na farko a jikin wani tsiro na Turai aka gano su. Duk waɗannan sun bi doguwar hanya tsakanin daji da kantin magani, kuma a labarin atemisinin, maganin maleriya na zamani, aka fi ganin wannan hanya ƙarara.

A shekarun 1960 ƙwayar cutar maleriya ta riƙa bijire wa kulorokwin a Kudu Maso Gabashin Asiya, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, zazzaɓi na kayar da sojoji. A ranar 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin ƙasar Sin ta ƙaddamar da wani shirin bincike na asiri da aka raɗa wa suna da wannan kwanan wata, wato Shiri na 523. A 1969 aka ɗora wata masaniyar haɗa magunguna mai suna Tu Youyou a kan ɗaya daga cikin rukunonin aikin. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan likitancin Sin da bakin masu maganin gargajiya, suka tattara haɗe-haɗe sama da 2,000, sannan suka tace kusan 380 suka gwada a jikin ɓeraye masu ɗauke da cutar.

Cikin tsirran da aka gwada akwai wani ganye mai ɗaci da ƙamshi, Artemisia annua, ɗan gidan su tazargade. Sakamakonsa ya riƙa rikita masu binciken: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Tu Youyou ta koma ga wani littafi da likita Ge Hong ya rubuta a ƙarni na huɗu, ta tarar bai ce a dafa ganyen ba, jiƙa shi ya ce a yi a ruwa, a matse, a sha. Daga nan ta yi tunanin cewa wutar da suke ba shi wajen tacewa ce ke lalata abin da ake nema. Sai ta sauya dabara, ta tace shi da sinadarin ether, wanda ke tafasa da ɗan ɗumi kaɗan. A watan Oktoba na 1971, samfuri mai lamba 191 ya share ƙwayoyin cutar baki ɗaya daga jinin ɓeraye, daga baya kuma daga jinin birai. A 1972 ita da wasu abokan aikinta suka fara shan maganin da kansu don a ga ko yana da illa, kafin a ba marasa lafiya a tsibirin Hainan. A ƙarshen shekarar aka samu tsantsar sinadarin, fari ƙal kamar ƙwayoyin gishiri. Sai a 2015 ta karɓi lambar yabo ta Nobel.

Yadda sinadarin ke aiki abin mamaki ne. Ƙwayar maleriya tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta riƙa cin abin da ke cikinsu, wanda ke ɗauke da sinadarin ƙarfe. Da zarar atemisinin ya haɗu da wannan ƙarfe sai wani haɗi da ke jikinsa ya ɓalle, ya saki guba da ke lalata ƙwayar cutar daga ciki. Abincinta ne ke kunna mata tarko. Amma maganin yana da rauni guda: cikin 'yan sa'o'i yake fita daga jiki, ya bar ragowar ƙwayoyin da ba su mutu ba. Dalilin ke nan da ya sa ake haɗa shi da wani magani mai daɗewa a jini, kamar lumefantirin, a sha na kwana uku. Wannan haɗi shi ne ACT da ake bayarwa a asibitocin Najeriya da Nijar, kuma mai shansa da ya tsaya a kwana ɗaya don ya ji sauƙi, ragowar ƙwayoyin ya bar wa fili.

Ingancin atemisinin bai tsaya a kan shaidar waɗanda suka sha suka warke ba. A 2010 aka wallafa sakamakon wani gwaji mai suna AQUAMAT, wanda ya ƙunshi yara 5,425 masu matsananciyar maleriya a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu allurar kwinin, wasu allurar atesunet, wanda ake samarwa daga atemisinin. A ɓangaren kwinin kusan yara 11 cikin 100 suka rasu, a ɓangaren atesunet kuwa tsakanin 8 da 9. Tazarar kamar ba yawa, amma a Najeriya, ƙasar da ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriyar duniya, rayuka ne masu ɗimbin yawa. Babu wani likita, komai ƙwarewarsa, da zai iya gano irin wannan bambanci da ido daga marasa lafiyar da ke gabansa.

Tambayar da kan biyo baya ita ce, me zai hana a jiƙa ganyen Artemisia kawai a sha? Yawan sinadarin da ke cikin ganye yana bambanta daga gona zuwa gona, ya danganta da iri, da ƙasa, da lokacin yanka, da yadda aka shanya aka adana. Kofi ɗaya na iya sassauta zazzaɓi ba tare da ya kashe ƙwayoyin duka ba, waɗanda suka tsira kuma su ne ke yaɗa irin da ba ya jin magani. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan amfani da shayin ganyen don rigakafi ko magani. Fargabar tana da tushe, domin tun wajajen 2008 aka ga alamun bijirewa a Kambodiya, yanzu kuma an tabbatar da su a Ruwanda, da Yuganda, da Eritiriya.

Wani lokaci masu bincike kan fita neman abu ɗaya su dawo da wani. A shekarun 1950 masana a Kanada sun gwada wani fure ɗan asalin Madagaska da aka ce yana maganin ciwon suga. Suga bai sauka ba, sai dai fararen ƙwayoyin jinin dabbobin gwajin suka ragu ƙwarai. Daga wannan tsiro aka samu binbilastin da binkiristin, waɗanda har yau ake yaƙar kansar jini da su, musamman ta yara. Aibamektin, maganin makantar da ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, daga wata ƙwayar halitta da Satoshi Omura ya samu cikin ƙasar Japan ya fito.

Fagen rigakafi ya fi wuya, kuma a nan aka fi shan mamaki. An daɗe da lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da wasu nau'o'in kansa ba, sai aka zaci sirrin yana cikin beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa. A Finlan aka gwada shi a matsayin ƙwaya a kan maza masu shan taba sama da 29,000. Da sakamako ya fito a 1994, kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha. Wani gwajin makamancinsa a Amurka dakatar da shi aka yi a 1996 saboda dalili iri ɗaya. Abin da ke da amfani a cikin miya bai zama lalle ya yi amfani ba idan aka ware shi aka ninka yawansa. Kasancewar abu daga tsiro ma ba ta wanke shi daga guba: a farkon shekarun 1990 mata da dama a Beljiyam sun rasa ƙodarsu bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro mai suna Aristolochia.

A Najeriya ma ana irin wannan aiki. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta ɗauki wani haɗi na gargajiya mai ɗauke da masoro, da kanumfari, da ganyen dawa, da wani icce, ta daidaita awonsa ya zama Niprisan don masu cutar sikila. Ƙaramin gwajin da aka wallafa a 2001 ya nuna raguwar yawan tashin ciwon, sai dai masana da suka duba sakamakon sun nemi a yi gwaji mafi girma. A nan yawancin tsirran Afirka ke maƙalewa. Jami'o'i sun cika da rahotannin zogale, da darbejiya, da sabara, da marke da aka gwada a kwalba ko a jikin ɓera, amma gwaji a kan ɗaruruwa ko dubban mutane yana cin kuɗi da shekaru, kuma mafi yawan sinadaran da suka burge a ɗakin gwaje-gwaje a wannan mataki suke faɗuwa. Abin takaici ne ƙwarai ilimin da masu maganin gargajiya suka gada ya tsaya a rabin hanya don rashin mai ɗaukar nauyi.

Wannan giɓi ne ya sa lambar da hukumar NAFDAC ke ba yawancin magungunan gargajiya ta bambanta da ta magungunan asibiti. Tana nuna an duba tsabtarsu da rashin guba a jikin dabbobi, amma ba ta tabbatar da warkarwar da aka rubuta a jikin kwalba ba, shi ya sa ake buƙatar mai haɗin ya rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsa ba. Mai shan maganin hawan jini, ko na suga, ko na tsinka jini, yana da kyau likitansa ya san duk wani jiƙo ko tsimi da yake haɗawa da shi, domin wasu sinadaran tsirrai suna sauya yadda hanta ke sarrafa magani, su ƙara masa ƙarfi ko su rage.