Aji Biyu: Inda Tuwo Ke Yin Gudaji

Duk wadda ta daɗe da muciya a hannu ta san ba a wajen kwasa tuwo ke ɓaci ba. Tun a tukunya ake gama magana. An ɗora ruwa ya tafasa, an dama gari an yi talge, an bar shi ya dahu, sai a zo wajen zuba gari da tuƙi. A ɗan lokacin nan ne tuwo zai yi laushi ko ya yi gudaji. Gudajin da ya tsallake muciya kuwa ba ya narkewa don an malmala tuwon da kyau an jera a kwano. Sai an zauna ci, hannu ya shiga, sannan asiri ya tonu.

Haka nake kallon aji biyu na firamare. Aji ɗaya talge ne. Yaro ya saba da zaman aji, ya daina kuka a bakin ƙofa, ya iya riƙe fensir, ya dawo gida yana rera wasula. Shekara ce mai daɗi ga iyaye, domin kusan kullum akwai sabon abin nunawa. Aji biyu ba shi da wannan armashi. Makarantar ita ce dai ta bara, hanyar ita ce, sau da yawa rigar ma ta bara ce aka warware mata kalmasa. Shi ya sa iyaye da yawa ke sakin jiki daidai lokacin da ya kamata su matso kusa da murhu.

A tsarin Najeriya yaro kan shiga aji ɗaya yana da shekara 6, ɗan aji biyu ke nan ɗan shekara 7 ne. Dokar UBE ta 2004 ta haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara 9 na karatun dole kuma kyauta, aka kasa su kashi uku. Aji ɗaya zuwa uku su ne kashin farko, aji biyu yana tsakiyarsu. A Nijar wannan ajin shi ne CP, wanda ke bin CI, wato aji ɗaya. Sunan ya bambanta, aikin ɗaya ne.

Babban aikin kuwa shi ne karatu. A zangon farko za ku ji yaro yana tsinka kalma gaɓa-gaɓa, yana ja kamar mai hawa tudu: "ka... ka... ka-za... kaza." Wannan ba laifi ba ne a watan Satumba ko Oktoba. Abin da ake sa rai shi ne kafin a yi dogon hutu a watan Yuli gaɓoɓin su haɗu su zama kalma a idonsa, kalmomin su haɗu su zama magana, har ya karanta ɗan labari na layi biyar ko shida ya faɗa muku wa ya yi me. A nan ne yake cin karo da abubuwan da aji ɗaya ya taɓa sama-sama: baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw, da gaɓar da ke rufewa da baƙi, kamar a "kasko" ko "tambaya". Rubutu ma haka. Daga kwafar abin da ke kan allo ya kamata ya kai ga a yi masa shifta ya rubuta, ya fara jimla da babban baƙi, ya rufe da aya. Gari ne ake barbaɗawa kaɗan-kaɗan, ana tuƙawa, ba a juye ƙwarya guda lokaci ɗaya.

To, ga inda gudajin yake, kuma ya iya ɓuya. Yaranmu Allah ya hore musu hadda. Malama ta karanta layi, aji ya amsa baki ɗaya, a maimaita sau goma, an gama. Yaro ya dawo gida ya buɗe littafi ya zuba shafi guda babu gargada, uwa ta yi hamdala, uba ya ba da na alawa. Amma a duba idonsa: sau da yawa ba ya ma kallon takardar. A sa yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafin a ce ya faɗe ta, sai ya koma farko ya taho da gudu har ya iso wurin. Wannan yaron bai karanta ba, waƙa ya rera. Ni a ganina babu abin da ke yaudarar iyaye a wannan shekara kamar wannan, domin daga waje tuwon sumul yake.

Ba zargi nake yi a iska ba. Lokacin da aka gwada 'yan aji biyu da uku a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010, da gwajin nan da ake ba yaro gajeren labari na Hausa a ba shi minti ɗaya, mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Yara ne da suka yi shekara biyu ko uku suna zuwa makaranta. Irin wannan sakamako ne ya haifar da littattafan Mu Karanta a waɗannan jihohi biyu, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, waɗanda duk suka mai da hankali kan koyar da karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Iyayen da suka tashi da Ka Koyi Karatu za su gane hikimar: a fara da harshen da yaro ke mafarki da shi. Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin kamawa, domin kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne duk inda ya bayyana. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya sai ya yi sauti uku ko huɗu. Yaron da ya gane sirrin haɗa baƙi da wasali a Hausa ya riga ya sami mabuɗin, saura ya koyi sabon harshe. Wanda aka jefa cikin Turanci kai tsaye kuwa aiki biyu yake yi a lokaci guda.

Ita gwamnati a kan wannan batu ba ta zauna wuri ɗaya ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da harshen muhalli a shekara uku na farko. A 2022 aka amince a kai shi har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma aka sanar da komawa Turanci. Ko ma wane harshe malamin ɗanku yake amfani da shi a aji, ba a kafa wa kowa dokar hana karanta Hausa a tsakar gidansa ba.

Me ke sa gudajin ya tsallake? Hannu ɗaya, tukunya ƙatuwa. A takarda malami ɗaya yara 35 ne rabonsa. A makarantun gwamnati da yawa na birane irin su Kano sai ka iske ninkin haka ko fiye, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Malami yana da jadawalin da zai cimma kafin ƙarshen zango, dole ya ci gaba da zuba gari ko muciya ta kai gindin tukunya ko ba ta kai ba. Yaran gaba suna tafiya da shi, na baya suna motsa baki. A ƙarshen shekara kowa ya wuce aji uku, don ba kasafai ake maimaita wa yaro aji ba. Daga aji huɗu kuma littattafai sun ɗauka yaro ya iya karatu, babu mai komawa kan baƙi da wasali. Yaron da ake ce wa daƙiƙi a aji biyar, in ka bi diddigi, galibi ɗan aji biyu ne da ba a tsaya a kansa ba.

Lissafi bai kai karatu ɓoye aibinsa ba, amma shi ma yana da wurin da yake dunƙulewa. Manhajar aji biyu tana kai yaro ƙirga har 200, da tarawa da ɗebewa na lambobi masu gida biyu, da somin-taɓin ninkawa a matsayin tara abu ɗaya sau da yawa, da rabi da kwata, da kuɗi, da duba agogo, da ranakun mako. Duk cikinsu wanda ya fi cin yara shi ne gidan lamba: ya gane cewa 3 da ke cikin 35 talatin ce, ba uku ba. In bai gane wannan ba, ranar da aka ce ya tara 28 da 15 zai rubuta 313, kuma a ransa ya yi daidai. Abin dariya, yaron nan in ka aike shi shago da naira 200 ya sayo abin 150, ba mai cin canjinsa. Lissafin yana kansa, alƙalami ne bai san da shi ba. Tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma ya kan warware wannan matsala a 'yan kwanaki.

Akwai kuma masu ɓata tuwo ta ɗaya ɓangaren, masu iza wuta. Wannan ya fi yawa a makarantun kuɗi. Yaro ɗan shekara 5 an tura shi aji biyu don a ce ya yi sauri, jakarsa ta fi ƙarfin bayansa, a tashi makaranta a wuce lesin, a dawo a ci abinci a tsaye a tafi Islamiyya, bayan magariba ga aikin gida shafi huɗu da uwa ce ke ƙarasa rabinsa. Wuta in ta yi yawa gindi ke kamawa, sama kuma ɗanye, ƙauri ya bi tuwon duka. Yaron da aka yi wa haka ya kan fara ciwon ciki duk safiyar Litinin. Likitocin yara suna cewa ɗan wannan shekaru yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a dare, kuma a tuna rubutu iri biyu yake koyo a tare, ɗaya daga hagu zuwa dama da safe, ɗaya daga dama zuwa hagu da yamma. Ba ƙaramin aiki ƙwaƙwalwarsa ke yi ba. Mai tuƙi ta san bayan ta gama sai ta rage wuta, ta rufe tukunya, ta bar shi ya sulala. Wasan langa da 'yar gala-gala da tatsuniyar kaka bayan isha'i, sulalar ke nan, ba ɓata lokaci ba ne.

Shi kansa yaron zai canza muku a wannan shekara. Famfara za ta buɗe masa giɓi a gaba, har furucinsa ya ɗan sauya. Zai riƙa juya b ta koma d, ko ya rubuta 3 tana kallon baya. A wannan shekaru abin ya zama ruwan dare, sai in ya zarce har cikin aji uku ne za a nemi dalili. Zai sami aboki na musamman, su ɓata da safe su shirya da rana. Zai cika kawo ƙara, domin yanzu ne ya fara gane an yi adalci ko ba a yi ba. Maganar malami za ta fi taku nauyi, ku ce ga yadda ake yi, ya ce ai malama ba haka ta ce ba. Kada ku ji haushi, alama ce ya ba makaranta amana. Shekarar ce kuma da hadisi ya ce a fara umartar yara da salla, saboda haka a gida ma ana fara ɗora masa abin da zai riƙe da kansa.

Zangunan uku kowanne da abin da yake ci. Na farko ya faɗo a ƙarshen damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro da kaka, a ƙauye a ɗebe yara zuwa roron gyaɗa da tsinkar wake. Na biyu hunturu ne, tari da mura da makara. Na uku ga zafin bazara, ga shuka. Ga talla kuma da ke cin safiyar yara mata duk shekara. Fashin kwana biyu a mako bai yi kama da wani abu ba, amma a ajin da kowane darasi ke hawa kan na jiya, ɗaga muciya ne a tsakiyar tuƙi. Dogon hutu shi ne kwanan tuwo. Wanda talgensa ya dahu da safe yana nan daram, wanda bai dahu ba sai a tarar ya saki. Yaron da hadda ya yi, zai koma aji uku kamar bai taɓa ganin littafin ba.

Sai takardar sakamako, wadda ita ce malmala. Mun saba tambaya ɗaya: na nawa ya zo? Na uku a ajin da ba mai iya karatu ba abin yanka kaza ba ne, na ashirin a aji mai ƙarfi kuma ba abin bulala ba ne. Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda za a je har makaranta a yi: "Malama, in an ba shi abin da bai taɓa gani ba, yana iya karantawa? Wane harafi ne ke ba shi wahala? A ina yake zama, yana ganin allo sosai?" Wani yaron ba komai ke damunsa ba illa ido ko kunne, ba wanda ya lura. Malamai da yawa suna jin daɗin irin wannan ziyara, domin ba su saba ganin iyaye ba sai ranar rigima. Inda matsalar ta fi ƙarfin malami ɗaya, kamar cunkoso ko rashin littattafai, sai a nufi ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, don irin wannan aka kafa su.

Ba sai kun yi boko mai zurfi ba kafin ku duba. A daren yau ku sami takarda ku rubuta jimla uku da ba sa cikin littafinsa, ko ku sa yayansa ya rubuta: akuya ta shiga gona, Inna ta sayi gishiri, ƙanena yana barci. Ku miƙa masa ba tare da kun karanta masa ba, sannan ku tambaye shi me takardar ta ce. In ya karanta, ko da yana ja, ku ƙara masa wasu gobe, minti goma kullum ya isa. In ya tsaya yana kallon bakinku, kada ku dake shi, kuma kada ku jira sakamakon zango na uku. Ku je ku ga malaminsa a cikin wannan makon.