Satar asusun WhatsApp a zanguna: yadda ake gane ta da abin da ya kamata a yi

A Zangon Sokodé, kamar sauran zangunan Togo, Ghana da Benin, ciniki da zumunci sun koma cikin waya. Ɗan kasuwa yana aika hoton kaya zuwa Dapaong ko Cinkassé, a daidaita farashi da saƙon murya, a biya ta Flooz ko T-Money, wanda aka sauya wa suna zuwa Mixx by Yas a ƙarshen 2024. Sanarwar suna, ɗaurin aure da rasuwa duk ta zaurukan WhatsApp suke bi. Saboda haka wanda ya ƙwace asusun mutum ɗaya ya samu hanyar shiga aljihun mutane da yawa: 'yan'uwa a Kumasi, abokan ciniki a Djougou, surukai a Kano. Duk sun san lambar, kuma sun yarda da mai ita.

Ta ina ɓarawo ke shiga?

Hanya mafi yawa ita ce ta lambobi shida. WhatsApp yana ɗaure kowane asusu da lambar waya. Duk wanda ke son buɗe asusun a sabuwar waya, sai an aiko da lambobi shida ta gajeren saƙo zuwa layin mai shi. Ɗan damfara yakan rubuta lambar wani a wayarsa, sannan ya kira shi ko ya yi masa saƙo: wai ya aiko da wasu lambobi bisa kuskure, ko wai su ne tikitin shiga taron ƙungiya ko rajistar tallafi. Sau da yawa roƙon yana fitowa daga asusun wani sananne da aka riga aka sace. Da zarar an karanta masa lambobin, asusu ya tafi.

Hanya ta biyu ita ce haɗa na'ura. WhatsApp yana ba da damar a haɗa na'urori har huɗu da asusu ɗaya. Waya da aka bari a buɗe a wurin caji, wurin gyara ko hannun ɗan aike, minti ɗaya ya isa a haɗa ta da kwamfutar wani, ya riƙa karanta saƙonni mai waya bai sani ba.

Hanya ta uku ta fi shafar matafiya. Mutum yakan koma Ghana ko Najeriya ya ci gaba da WhatsApp a kan tsohon layinsa na Togo, alhali katin ya ɓace ko ya mutu. Kamfanonin waya kan sake sayar da layin da ya daɗe ba ya aiki, kuma lambobin shida suna zuwa ne wurin wanda katin ke hannunsa yanzu.

Alamomin da ba a wasa da su

Saƙon lambobi shida ya shigo ba tare da mutum ya nema ba. WhatsApp ya fitar da shi, ya ce an yi rajistar lambarsa a wata waya. Mutane suna amsa saƙonnin da bai aika ba, ko suna tambaya ko kuɗin sun iso. Hoto ko suna ya canja. Layi ya ɗauke gaba ɗaya alhali na maƙwabta suna aiki, wanda kan iya nufin an fitar da sabon kati da lambarsa. A Facebook kuwa, kalmar sirri takan daina aiki, ko a ga an shiga daga garin da mutum bai taɓa zuwa ba.

Sa'ar farko

Matakin farko shi ne gargaɗin jama'a, domin ɓarawo kuɗin dangi yake hari, kuma cikin gaggawa yake aiki. A kira makusanta kai tsaye, a roƙi shugabannin zauruka su sanar, su kuma cire lambar na ɗan lokaci. Idan mai asusun limami ne, uwar adashi ko dillali, sanarwa bayan salla a masallacin unguwa tana isa inda saƙo ba ya kaiwa.

Na biyu, a sake rajistar lambar a WhatsApp. Idan layin yana hannun mai shi, sabbin lambobi shida za su zo masa, kuma shigar da su yana korar ɓarawon nan take. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirri ta mataki na biyu, sai an jira kwana 7 kafin a shiga, amma shi ma yana waje. Tsofaffin saƙonni suna ajiye ne a cikin waya, don haka wanda ya buɗe asusun a sabuwar waya ba ya ganinsu. Zauruka da lambobin mutanen ciki yake gani.

Na uku, a duba wurin da wayoyi masu Faransanci ke kira Appareils connectés, a cire duk na'urar da ba a sani ba. A danna ##002# don soke karkatar da kira, tunda WhatsApp yana iya faɗin lambobin ta kiran murya. Mai Facebook ya bi shafin facebook.com/hacked, ya kuma canja kalmar sirrin adireshin imel ɗinsa.

Idan layin ne ya ɗauke, ko kuɗi sun riga sun fita, a garzaya ofishin kamfanin waya da katin shaida, a nemi rufe layi da asusun kuɗi. A nan ne masu amfani da layin da aka yi rajista da sunan wani suke shan wahala, domin wanda sunansa ke kan rajista kamfani ya sani.

Ina ake kai ƙara?

Togo tana da doka mai lamba 2018-026 ta watan Disamba 2018 kan tsaron intanet da yaƙi da laifukan da ake aikatawa ta cikinta. Daga ita aka kafa hukumar ANCy a 2019. Akwai kuma cibiyar CERT.tg mai karɓar rahoton kutse, wadda Cyber Defense Africa ke gudanarwa, kamfanin haɗin gwiwar gwamnatin Togo da Asseco na ƙasar Poland. Mazaunin Sokodé ko Dapaong yana iya fara kai ƙara ofishin 'yan sanda ko na jandarmomi. Ya tafi da hotunan saƙonnin, lambar da aka tura wa kuɗi, adadin sefa, rana da lokaci. Kunya kan sa wasu su goge saƙonnin, alhali su ne shaida.

Kafin abin ya faru

A kunna Vérification en deux étapes, a zaɓi lambobi shida da ba shekarar haihuwa ba, a haɗa da imel. A sa wa waya makulli. Wanda ya sauya ƙasa ya mayar da asusunsa kan sabon layi ta Changer de numéro tun tsohon yana aiki. Lambar sirri ta asusun kuɗi ba a ba kowa, ko da mai kira ya ce daga kamfani yake. Duk roƙon kuɗi da ya zo a rubuce, ko daga ɗan'uwa na jini ne, a kira shi a ji muryarsa, a tambaye shi abin da 'yan gida kaɗai suka sani, sannan a tura.