Amsoshin Takardunku: Wane ne Salif Keita?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Maraɗi, ya rubuto yana tambaya: shin gaskiya ne mawaƙin nan Salif Keita zabiya ne, kuma ɗan sarauta?

To Malam, duka biyun gaskiya ne. An haife shi a 1949 a ƙauyen Djoliba na ƙasar Mali, cikin zuriyar Sunjata Keita, wanda ya kafa daular Mali. A al'adar Malinke, kamar dai a ƙasar Hausa, ɗan sarauta ba ya waƙa, wannan aikin maroƙa ne. Shi kuwa ya so ya zama malamin makaranta, amma raunin gani, wanda yawancin zabiya ke fama da shi, ya tare masa hanya. Sai ya nufi Bamako.

A 1970 ya shiga ƙungiyar Rail Band mai kiɗa a otal ɗin tashar jirgin ƙasa, a 1973 ya koma Les Ambassadeurs. Daga nan Abijan, sai Faris a 1984. Abin da ya fito da shi shi ne gauraya: ya ɗauko zaƙin muryar maroƙan gargajiya da kayan kiɗansu irin su kora da balafon, ya haɗa da jita, da ƙahonin Turawa, da kiɗan Kuba. Faifansa Soro na 1987 ne ya kai sunansa ko'ina a duniya.

Maganar gwagwarmaya kuwa, a 2005 ya kafa gidauniya don taimakon zabiya, tana raba man kariya daga rana, da huluna, da tabarau. Dalili shi ne fatar zabiya ba ta da sinadarin da ke tare zafin rana, shi ya sa sankarar fata ke kashe su da yawa. Ga kuma camfi: a 2018 an kashe wata yarinya zabiya 'yar shekara 5 a garin Fana don tsafi. A wannan shekara Salif ya je Fana ya yi wasa a bainar jama'a, ya la'anci wannan ta'asa.

Jama'a, zabiyanci gado ne daga uwa da uba baki ɗaya, ba aikin iska ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Mai ɗa zabiya ya sa masa malfa da riga mai dogon hannu, kada ya tura shi gona da tsakar rana, a makaranta kuma a roƙi malam ya zaunar da shi a bencin gaba.