Itatuwan da ke sa Japan atishawa

Daga tsakiyar Fabrairu, da zarar sanyi ya fara sassautawa a Japan, masu karanta hasashen yanayi a talabijin sukan ƙara wani abu bayan labarin ruwa da iska: yawan ƙurar fure da ake sa ran za ta tashi gobe, gari bayan gari. Da wannan labari ne uwargida ke sanin ko za ta shanya wanki a waje, ma'aikaci kuma ya san ko sai ya haɗa da tabarau a kan takunkuminsa kafin ya fita.

Manomi ya san ƙurar da ake magana. Ita ce garin nan mai ruwan ɗorawa da ke kaɗowa idan gero ya yi bununi, wanda da shi tsiro ke samun iri. A Japan mafi yawanta daga itatuwa biyu take fitowa. Akwai sugi, dogon itace miƙaƙƙe da ake yin katako da shi, wanda ke zubar da tasa daga Fabrairu zuwa Afrilu. Yana lafawa sai hinoki ya karɓa, ya kai mutane har cikin Mayu. Dukansu iska ce ke ɗaukar musu ƙurar, ba ƙudan zuma ba, shi ya sa suke watsa ta ba awo. Takan yi tafiyar kilomita da dama daga kan duwatsu ta sauka a Tokyo, inda babu ƙasar da za ta riƙe ta. Sai ta zauna a kan kwalta, mota ta wuce ta sake tayar da ita.

Ƙurar kanta ba guba ba ce. Garkuwar jikin wasu mutane ce ke ɗaukar ta a matsayin abokin gaba, ta saki wani sinadari mai suna histamin a hanci da ido, sai ka ga mutum yana jera atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba tsararo kamar ruwa, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi. Da dare hancin ya toshe, barci ya gagara, gari ya waye mutum yana gyangyaɗi a wurin aiki. Mai asma kuwa abin yakan fi yi masa tsanani. Ba a ɗaukar wannan cuta daga wani, kuma ta bambanta da mura: galibi ba zazzaɓi mai zafi, ga ƙaiƙayin ido, ga daɗewa, don takan kwashe makonni tana abu ɗaya.

Abin da ya sa labarin Japan ya fita daban shi ne, da hannunta ta dasa wannan ciwo. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar birane a ƙone, duwatsu kuma an aske su don neman katako da makamashi. Sai gwamnati ta sa aka duƙufa dashe, aka zaɓi sugi da hinoki saboda sun dace da gini, sugi kuma ga saurin girma. A wasu wuraren har dajin asali mai itatuwa iri-iri aka sare aka maye gurbinsa da su. Ba za a ce dabarar wauta ce ba, mutane ne da ke neman rufin kwana. Amma a 1964 aka buɗe ƙofar shigo da katakon waje gaba ɗaya, ya zo da araha, na gida ya rasa kasuwa, matasan ƙauye suka kwarara birni. Itatuwan da aka dasa don a sare sai aka bar su a tsaye. Shi kuwa sugi sai ya kai kimanin shekara 30 yake fara zubar da ƙura sosai. A yau yana mamaye da fili fiye da hekta miliyan 4.

A daidai wannan shekara ta 1964 ne likitoci suka fara ba da rahoton ciwon a yankin Nikko. Wani bincike da likitocin hanci da kunne ke maimaitawa ya nuna a 1998 kusan kashi 16 cikin 100 ne ke fama da ƙurar sugi. A 2019 sun kusa kashi 39.

Ba kowace shekara ce ƙurar take zuwa daidai ba. Idan aka yi tsananin zafi da rana a watannin Yuli da Agusta, itacen yakan ɗauki fure da yawa, a ji a jika a Maris mai zuwa. Tsohuwar hanyar awo mai sauƙi ce: a shafa basilin a ɗan gilashi, a ajiye shi a kan rufin bene na kwana ɗaya, sannan a ƙirga ƙwayoyin da suka manne da madubin likita. Ranar da ta fi muni ita ce mai rana da iska wadda ta biyo bayan ruwan sama.

Masu ciwon sun koyi zama da shi. Sukan fara shan magani tun kafin ƙurar ta kankama, su guji rigar ulu don tana riƙe ta, su kakkaɓe jiki a bakin ƙofa, su wanke fuska da ido. Mai hali yakan tsere Okinawa ko Hokkaido, inda sugi ba shi da yawa. Tun 2014 inshorar lafiya ke biyan wani magani da ake sawa a ƙarƙashin harshe, mai ɗauke da ɗan kaɗan na ƙurar, don jiki ya saba. Yana taimakon da yawa, amma sai an jure shan sa kullum shekara uku zuwa biyar.

A 2023 gwamnatin Firaminista Fumio Kishida ta fito da shirin rage dazukan sugi da aka dasa da kashi 20 cikin 100 a shekara goma, da rage ƙurar da rabi a shekara 30, ana maye gurbin tsofaffin itatuwan da irin da ba ya zubar da ita sosai. A takarda shirin ya yi kyau. Sai dai itatuwan a gangaren duwatsu suke, inda fito da gungume ke cin kuɗi, masu aikin daji sun yi ƙaranci, kuma kafin a sare sai an sami mai sayen katakon.