KEANA: GARIN GISHIRI DA YA KAMATA 'YAN AREWA MAZAUNA KURMI SU ZIYARTA

Duk wanda ya zauna a Ikko, ko ya taɓa neman abinci a bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa, ya san daga inda gishirin da ake zuba wa miya a yau yake fitowa. Jiragen ruwa ne ke kawo shi daga ƙasashen waje, a tace shi a masana'antu, a ɗura a buhuna da ledoji, sa'an nan manyan motoci su kwashe su yi Arewa da shi. Amma fa kafin zuwan Turawa ba haka abin yake ba. Arewa tana da nata gishirin. Akwai kantu da beza na Bilma da Buzaye ke kawowa a kan raƙuma, akwai mangul na ƙasar Manga, akwai kuma gishirin ƙasar Binuwai, watau na Keana da Awe da Azara.

Garin Keana yana nan har gobe, a Jihar Nasarawa, kudu maso gabas da Lafiya, kuma har yanzu akwai matan da ke dafa gishiri a can kamar yadda kakanninsu suka yi. Sai dai sana'ar tana ja da baya ƙwarai, kuma galibin matafiya da ke bin hanyar Makurɗi zuwa Lafiya in za su gida Salla sukan wuce ba su ko san da garin ba.

ASALIN GARIN

Mutanen Keana Alago ne, ƙabilar da Hausawa suka daɗe suna kira Arago. Tarihinsu na baka ya nuna cewa daga daular Kwararrafa suka taso, suka yi ta yawo har suka kai ƙasar Igala, daga baya suka haye Binuwai suka kafa garuruwa biyu. Andoma ya kafa Doma, ɗan'uwansa Akyana Adi kuwa ya kafa Keana a gefen wurin da gishiri ke ɓuɓɓugowa, kuma daga sunansa ne garin ya sami suna. Masu riƙe da wannan tarihi suna cewa a ƙarni na 13 aka yi haka. Sarautar Doma har yanzu Andoma ake ce mata, ta Keana kuwa Osana.

A zamanin Turawa ƙasar tana cikin Lardin Binuwai, a ƙarƙashin Lafiya. A 1967 ta shiga Jihar Binuwai da Filato, a 1976 ta koma Jihar Filato, har zuwa ran 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Nasarawa mai hedkwata a Lafiya. Yanzu Keana hedkwatar ƙaramar hukuma ce, kuma akwai kwalejin 'yan mata ta Gwamnatin Tarayya a garin.

To, ina gishiri ya fito a tsakiyar ƙasa, nesa da teku haka? Masana ilmin duwatsu sun ce wajen shekara miliyan 100 da suka wuce ruwan teku ya malale kwarin Binuwai. Da ya janye sai ya bar ruwan gishiri a can ƙarƙashin ƙasa, shi ne yake tsattsafowa a Keana da Awe da sauran wurare.

YADDA AKE DAFA SHI

Babban abin kallo a Keana shi ne unguwar gishiri, kuma aikin na mata ne. Da kaka ta wuce, rana ta buɗe, sai mata su riƙa ɗebo ruwan gishiri suna yayyafawa a filayensu. Rana ta busar da shi, gishirin ya kama ƙasa. Sai a kankare wannan ƙasa a zuba a manyan tukwane masu huji a gindi, a ƙara kwarara mata ruwan gishiri, ya riƙa tsiyaya sannu a hankali cikin wani mazubi. Duk macen da ta taɓa tsiyayar da ruwan toka don miya za ta gane dabarar nan take. Ruwan da ya tsiyaya shi ake ɗorawa a wuta da itace, a yi ta dafawa har ruwa ya ƙone gishiri ya fito, a kwashe a shanya.

Da damina kuwa aiki yakan tsaya, gama ruwan sama yana wanke ƙasa ya tsinka ruwan gishiri. Ba banza ba Hausawa suka ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Saboda haka mai son ganin aikin sai ya zo da rani. Mutanen garin suna da bikin gishiri da suke kira Oyarore, inda ake kaɗe-kaɗe da raye-rayen gargajiya a gaban Osana, 'yan garin da ke nesa su dawo gida.

Wannan gishiri shi ya jawo fatake. Hausawa da Barebari sukan zo da jakuna, su kawo tufafi da dabbobi da kanwa, su yi lodin gishiri su koma. Zangon fatake ya zama unguwa, baƙo ya zama ɗan gari, shi ya sa Bahaushe ba ya rasa wanda zai yi magana da shi a kasuwannin wannan ƙasa. Ita kanta Lafiya Barebari ne suka kafa ta a ƙarƙashin Muhammadu Dunama, don haka ake ce mata Lafiyar Barebari. Ashe dai zaman ci-rani da 'yan Arewa ke yi a Sabon Badun da Agege da Shagamu da Anacha ba sabon abu ba ne. Kakanninsu sun yi irinsa a kan hanyar gishiri.

ABUBUWAN KALLO A KEWAYE

Wanda ya gama da unguwar gishiri, ya je ya yi gaisuwa a fadar Osana, ba a nan yawonsa ya ƙare ba. Ƙasar Keana shimfiɗaɗɗiya ce mai albarka. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, mutum yana iya takawa a ƙasa ko ya hau babur ya zaga ƙauyuka irin su Aloshi da Giza, ya ga kunyoyin doya da gonakin riɗi da rogo da fadamun shinkafa. Yaron da aka haifa a Mushin ko Ajegunle, wanda bai taɓa ganin doya ba sai a kasuwar Mile 12, a nan zai ga yadda ake haƙo ta.

Gabas da Keana akwai Awe, ita ma tsohuwar garin gishiri ce. A cikin ƙasarta akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Akiri, da Azara inda ake haƙar wani farin dutse mai nauyi da masu haƙar man fetur ke amfani da shi. In aka miƙa kudu sai a tarar da Tunga a bakin kogin Binuwai, inda masunta ke fita da kwale-kwale, mai sha'awa ya sayi ɗanyen kifi a bakin ruwa.

Daga Lafiya kuma ba nisa zuwa Doma, mai babbar madatsar ruwa da bikin Odu na Alago. Wanda ya nufi Akwanga zai ga duwatsun Eggon sun tokare sama a gefen hanya, wurin hawa ga mai ƙarfin gwiwa. Can gaba a ƙasar Wamba akwai Farin Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga tsauni mai tsawon kimanin mita 150, fari fat kamar an kaɗa auduga.

HANYA DA LADUBBAN BAƘO

Mai tasowa daga Fatakwal ko Aba ko Anacha sai ya bi ta Inugu zuwa Makurɗi, ya haye gadar Binuwai ya nufi Lafiya. Mai tasowa daga Ikko ko Badun sai ya bi ta Lakwaja da Abuja da Keffi da Akwanga. Daga Lafiya ana shiga motar Keana ta hanyar Obi. Dattawa za su tuna lokacin da jirgin ƙasa daga Fatakwal ke tsayawa a tashar Lafiya kan hanyarsa ta zuwa Kafancan, amma yanzu mota ce abin hawa. Ya fi sauƙi baƙo ya kama masauki a Lafiya, ya yi sammako ya je Keana, ya dawo kafin magariba.

Tilas ne kuma a faɗi gaskiya. Wannan yanki ya sha fama da tashin hankali, musamman a 2001 da 2018, inda aka yi asarar rayuka da dukiya, jama'a da dama suka bar ƙauyukansu. Saboda haka matafiyi ya tambayi direbobi a tashar Lafiya halin da hanya ke ciki, ya guji tafiyar dare, ya kuma nemi ɗan gari ya yi masa ja-gora. Unguwar gishiri tana da al'adunta da abubuwan da ba a yi. Baƙo ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, kada ya taka filin da ba a ce ya taka ba.

ME ZAI HANA SANA'AR MUTUWA?

Abubuwa da dama ne suka taru suka danne gishirin Keana. Na kanti ya fi araha da sauƙin samu. Itace ya yi tsada, aikin kuma akwai wahala da hayaƙi, don haka 'yan mata da suka yi makaranta ba su cika sha'awarsa ba. Bayan haka tun 1993 Gwamnatin Tarayya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ci don maganin maƙoƙo, matan ƙauye kuwa ba su da kayan yin haka sai in an taimaka musu.

Akwai darasi daga ƙasar Italiya. A can ƙananan garuruwa masu noman inabi da zaitun sun mai da sana'ar kakanninsu abin jawo baƙi, a zo a zaga gonaki a ƙasa ko a kan keke, a ci abincin garin, a yi tsaraba. Akwai ma wani garin gishiri, Cervia, a bakin teku kusa da Ravenna. A 1959 aka haɗe ƙananan filayen gishirinsa aka koma aiki da injuna, amma aka bar fili ɗaya ana yinsa da hannu irin na da. Yau garin yana da gidan tarihin gishiri da biki a kowane watan Satumba, baƙi suna zuwa suna kashe kuɗinsu.

Keana ba ta rasa tarihi ko biki ko gwanayen aiki ba. Abin da take bukata shi ne hanya mai kyau, da zaman lafiya, da taimakon hukuma wajen sa aidin da ɗura gishiri a leda, da kuma masu saye. Wannan na ƙarshe yana hannun jama'a. Ƙungiyoyin 'yan Arewa a Kurmi da sarakunan Hausawa na Sabo da Zango suna iya shirya wa 'yan makaranta mota lokacin hutu. Ɗan kasuwar da ke lodin doya da riɗi a Lafiya yana iya haɗawa da buhun gishirin Keana ya gwada shi a kasuwar Ikko. Magidancin da zai kai iyali gida kuwa, kwana ɗaya ya ishe shi ya ratse, yara su ga abin da ba za su gani a littafin makaranta ba. Gani dai ya kori ji.

Allah ya zaunar da ƙasar lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, amin.